Wai na'ura tana iya karanta gadon ciwon hanji daga hoto?

Ɗan Birni: Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da dare. Ku yi mini haƙuri, yau ba sanarwar biki ko suna na kawo ba. Wasunku sun san an yi wa Yaya aiki wata biyu da suka wuce, aka yanke wani yanki na babban hanjinsa. Sakamako ya dawo, ciwon daji ne. Shekararsa 41. Lokotoro ya ce akwai sauran wani gwaji mai suna MSI da ya kamata a yi kafin a san maganin da za a ɗora shi a kai, amma sai an aika da naman wani wuri. To jiya wani abokina ya turo mini bidiyo, wai yanzu akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira da za a nuna wa hoto kawai ta faɗi sakamakon. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wane hoto zan ɗauka, ina zan tura?

Hajiyar Zango: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ban ma san an kai ga aiki ba, ina ce basir ne yake fama da shi.

Ɗan Birni: Amin Inna. Mu ma haka muka ɗauka. Shekara guda yana shan jiƙo da sassaƙe, jini bai tsaya ba, sai rama.

Mai Labo: Allah ya ƙara sauƙi. Ƙanena, abin da abokinka ya turo akwai gaskiya a ciki, amma ba hoton telefon ake nufi ba, ba kuma hoton rediyo ko na takardar sakamako ba. Bari in faɗa maka hanyar da naman yake bi, don a nan hoton yake fitowa. In an yanko shi sai a tsoma shi cikin formol don kar ya ruɓe. Daga nan a tsotse ruwansa, a binne shi cikin kakin farafin, ya daskare ya zama ɗan dunƙule kamar guntun sabulu. Sai a sa wuƙar inji a yanko shi siriri, mikron 3 zuwa 5, bai kai kaurin gashin kai ba ko kusa. A shimfiɗa a kan gilashi, a rina da launi biyu, ɗaya shuɗi mai duhu ɗaya ja-ja. Shi ne lokotoron da ya ƙware a duba nama yake sawa a mikroskop. Hoton da na'urar take ci shi ne na wannan gilashin, wanda wata sikana ta musamman ke ɗauka gaba ɗayansa. Hoto guda yana iya haura giga ɗaya.

Baba Dillali: Giga ɗaya hoto guda? Da wannan rezo namu sai an kwana an wuni.

Ɗalibar Likita: Sannu Yaya, Allah ya tashi kafaɗunsa. Bari in ɗan yi bayanin MSI ɗin kansa, don in ba a gane shi ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu sai ta kwafi rubutun gadon da ke cikinta. Ku ɗauka almajiri ne yake kwafar rubutu a allo. Inda ya fi yin tuntuɓe shi ne inda harafi ɗaya ko biyu suka yi ta maimaituwa a jere, sai ya ƙara ɗaya ko ya tsallake ɗaya. To jiki yana da gardawa huɗu masu bin allon suna gyara: MLH1, PMS2, MSH2 da MSH6, kuma bibbiyu suke aiki. In ɗaya ya daina aiki, kurakurai sai su taru a waɗannan wuraren maimaici. Wannan taruwar ita ake kira MSI. A ƙasashen Turai da Amurka kusan kashi 15 cikin 100 na ciwon dajin babban hanji irin wannan ne.

Hanyar da aka saba gane shi biyu ce. Ko a sake yanko naman a rina shi da wasu sinadarai huɗu masu nuna ko gardawan suna nan, ko a ciro rubutun gadon a auna shi da gwajin PCR. Duka biyun suna son kayan aiki da kuɗi da lokaci.

Malam na Garin Malam: Ɗiyata, misalin ya zauna. Amma ni abin da ya tsaya mini shi ne, in na'ura ba ta karanta allon ba, ta yaya za ta ce akwai kuskure a ciki? Kar a je a ce ƙarfe ya san gaibu.

Injiniya daga Yamai: Allah gafarta Malam, ba gaibu ba ne, bin sawu ne. Mai bin sawu bai ga raƙumi ba, amma ya ce maka mai ɗingishi ne kuma da kaya a kansa. Ciwon da ke da MSI yana barin sawu a fuskar naman. Tun kafin kwamfuta ta shigo, masu duba nama sun lura cewa irin wannan ciwon yakan cika da ƙwayoyin garkuwar jiki da suka kutsa cikinsa, sau da yawa yana da majina-majina, kuma ya fi fitowa a ɓangaren dama na hanji. Sai dai idon mutum bai isa a dogara da shi a kan wannan ba.

A 2019 wani likita a birnin Aachen na Jamus, Jakob Kather, shi da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature Medicine. Suka ɗauki hotunan gilasai na marasa lafiyan da an riga an san sakamakonsu, suka yayyanka kowane hoto ƙanana-ƙanana dubbai, suka yi ta nuna wa kwamfuta: wannan daga mai MSI ne, wannan ba shi ba ne. Ba wanda ya ce mata ga abin da za ki duba. Ita da kanta ta tsinci alamomin. Da aka kawo mata sababbin hotuna sai ga shi tana dacewa fiye da yadda aka zata. A 2023 kuma aka yi wani babba da marasa lafiya sama da 13,000, ya fi na farko dacewa nesa ba kusa ba.

Malam na Garin Malam: To in dai alama ce take bi, ba ni da ja. Hasashe ne ke nan, kamar na manomi da ya ga gabas ta yi duhu.

Baba Dillali: Yo ai sana'armu ce aka ba ƙarfe. Ni in na kalli sa a kasuwar Matamai sau ɗaya zan faɗa maka abin da mahauci zai samu a jikinsa, ba sikeli ba komai.

Hajiyar Zango: Alhaji, ragon layyar bara fa? Kai ka ce mini duk kitse ne.

Baba Dillali: Hajiya a bar tone-tone, ana maganar ilimi.

Ɗan Birni: Kun sa ni dariya ban shirya ba. Injiniya, to yanzu in an samu hoton gilashin Yaya, shi ke nan an huta da gwajin?

Injiniya daga Yamai: A'a, kuma a nan ne masu bidiyo suke yaudarar mutane. Ɗauki misalin MSIntuit, na kamfanin Owkin, wanda ya samu izinin shiga kasuwar Turai a 2022. Su kansu ba su ce ya maye gurbin gwaji ba, rariya suka ce. A binciken da aka yi a kansa, cikin mutum 100 masu MSI yana kama 96 zuwa 98. Amma cikin 100 marasa shi, kusan 46 ko 47 kaɗai yake iya sallama ya ce ba sa buƙatar gwaji. Sauran duk yana cewa a je a gwada. Wato in ya ce babu, maganarsa tana da ƙarfi. In ya ce akwai, bai faɗi komai ba tukuna. Amfaninsa shi ne ya rage wa labo layi.

Kuma MSI ne irin waɗannan na'urorin suka fi iya hasashensa. Akwai wani canjin gado mai suna KRAS, da ake samu a kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan ciwon, wanda in yana nan maganin cetuximab ba ya aiki. A kan wannan har yanzu hasashen na'urar bai kai a jingina magani da shi ba.

Mai Labo: Kuma ga mai shekara 41 ba wani lokotoron kirki da zai yarda rariya ta sallame shi. Ko na'ura ta ce babu, sai an gwada.

Ɗalibar Likita: Amma Baba, ni ina ganin kuna rage wa abin daraja. Ku duba halinmu. Masu duba nama a ƙasar nan ƴan kaɗan ne, akasarinsu a Yamai, kilomita kusan 900 daga nan. Sinadaran gwajin daga waje ake sayo su, suna son sanyi, suna lalacewa. In da akwai sikana ɗaya a Damagaram, a ɗauki hoto a aika, ƙwararre ya duba daga ko'ina, na'ura kuma ta ware waɗanda za a kashe wa kuɗin gwaji, ai mu ne za mu fi Turawa morar abin. Su suna da gwajin a kowane lungu. Mu ne ba mu da shi.

Ga kuma abin da ya fi tsaya mini a rai. A 2021 likitocin Ile-Ife a Najeriya tare da wata cibiyar ciwon daji ta New York suka buga bincike a kan marasa lafiyansu. Cikin ƙari 64 da aka auna, 18 masu MSI ne, kashi 28 ke nan, kusan ninki biyu na abin da aka sani a Amurka. Kuma marasa lafiyan sun fi na can ƙuruciya. In haka abin yake a yankinmu, to mu ne bai kamata mu yi wasa da wannan gwajin ba.

Injiniya daga Yamai: Ƙanwata, wannan binciken da kika kawo takobi ne mai kaifi biyu. Na farko, mutum 64 ne, kuma a ƙasar Yarabawa, ba a Damagaram ba. Na biyu, in adadin ya tabbata, rariyar ta ƙara zama abin tsoro. Yi lissafi da ni. A ce tana kuskuren 3 cikin 100. A mutum 1,000 inda masu MSI 150 ne, za ta sallami 4 ko 5 bisa kuskure. Inda suke 280, za ta sallami 8. Wannan ma in ta yi aiki a kanmu yadda ta yi a kan waɗanda ta koya a jikinsu, kuma ban yarda za ta yi ba sai na gani. Hotunan da aka koya mata akasarinsu daga Jamus, Ingila, Holan da Amurka suke. Babban rumbun Amurka da kowa ke ɗiba, TCGA, mafi yawan mutanen cikinsa fararen fata ne.

Baba Dillali: Cikin hanji ma akwai baƙi da fari?

Injiniya daga Yamai: Launin hanji ɗaya ne Baba. Bambancin yana wurin irin ciwon da kuma wurin hannun da ya gyara naman. Bari in ba ka misali da sana'arka. A ce yaronka ya lura duk shanun da ke da wata shaida a cinya masu ƙiba ne, don mai garken yana kiwo da kyau. Sai ya daina kallon sa, ya koma kallon shaida. Ran da aka kawo garken da bai sani ba, ya zai yi? An kama na'urorin nan suna yin haka. A 2021 masu bincike a Chicago suka nuna cewa kwamfuta tana iya gane asibitin da gilashi ya fito daga hoton kawai, saboda kowane labo da irin rininsa da sikanarsa, kuma wani lokaci wannan shaidar take bi ta yi hasashe, ba ciwon ba.

Baba Dillali: Wannan yaron korarsa zan yi ranar.

Mai Labo: Injiniya ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku je marina ku gani, baba ɗaya ne amma kowace karofi da irin shuɗinta. Haka rininmu yake. Ruwanmu daban, zafinmu daban, wani lokaci sinadarin ya kwana biyu a kwalba. Kuma wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ke faruwa kafin nama ya iso labo. Na taɓa karɓar nama daga wata likita ta ƙauye, ba zan faɗi wace ba, an zubo shi cikin kwalbar magani da ruwan gishiri maimakon formol, ya yi kwana uku a hanya cikin bazara. Da aka yanka ba abin da ake gani sai dagwalo. Matar an yi mata aiki, an wahala, an biya mota, sakamako babu. Wani kuma za a kawo ƙaton nama an cusa shi cikin ƴar kwalba da formol ɗan kaɗan, alhali ana son formol ya ninka naman sau goma. Bayansa ya kamu, cikinsa ya ruɓe. Wani a bar shi cikin formol sati uku, shi ma yana ɓata gwajin gadon. Ɗiyata, ki kawo sikanar da ta fi kowace tsada, in abin da aka sa mata ke nan, dagwalo za ta ɗauka da kyau.

Ni ba na ƙin na'ura. Amma in aka ba ni kuɗin sikana yau, formol da kwalabe zan fara saya in raba wa Miriya da Magarya da Tanut da Gure, in koya wa masu aiki yadda ake sawa.

Ɗalibar Likita: Ban musa ba Baba. Sai dai in muka ce sai komai ya gyaru za mu fara, hotunanmu ba za su taɓa shiga cikin abin da ake koya wa na'urar ba, sai a yi ta gina ta da na wasu a kawo mana. Ko ba don hasashe ba, tara hotunan da sakamakonsu aiki ne da jami'ar André Salifou da asibitocinmu za su iya sa hannu a ciki.

Injiniya daga Yamai: A nan kam muna tare. Sharaɗi dai a nemi yardar mara lafiya, a cire sunansa, kuma a san wa ke riƙe da hotunan.

Ɗan Birni: To ni yanzu tambayata, in an yi gwajin aka ce MSI ne, me zai canza? Kar mu sayar da gona a kan takarda.

Ɗalibar Likita: Abu uku Yaya. Na farko magani. Ciwon da ke da MSI, saboda yawan kurakuransa, garkuwar jiki tana saurin gane shi baƙo ne, shi ya sa magungunan da ke kwance wa garkuwa dabaibayi suke cin sa. Pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, a gwajin da aka buga a 2020 ya riƙe ciwon da ya bazu wata 16.5 bai ci gaba ba, inda maganin da aka saba ya riƙe wata 8.2. A 2022 a New York aka ba mutum 12 masu irin wannan ciwon a ƙarshen hanji wani ɗan uwansa, dostarlimab, duka 12 ƙarin ya ɓace ba tare da an yi musu aiki ba.

Baba Dillali: Nawa ne?

Injiniya daga Yamai: A Amurka allura guda ta haura dala 10,000, kuma duk sati uku ake yi. Dalar Amurka fa Baba, ba dalarmu ta kasuwar Dole ba.

Baba Dillali: To a wuce na biyu.

Ɗalibar Likita: Na biyun ba ya cin ko dala. In ciwon yana mataki na biyu, bai kai ga kaluluwa ba, kuma mai MSI ne, yawanci ya fi sauƙin hali, kuma maganin 5-FU, wanda ake sawa a ƙarin ruwa, shi kaɗai ba ya ƙara masa komai. Wato gwajin yana iya hutar da mutum wahalar ƙarin ruwan da ba zai amfane shi ba, da kuɗinsa, da zaryar Yamai. Lokotoronsa ne zai yanke wannan, don shi ya san matakin.

Na ukun shi ne dangi. Yawancin masu MSI ba gadonsa suka yi ba, a jikin ƙarin kaɗai abin ya faru, musamman tsofaffi. Amma kusan kashi 3 cikin 100 na duk masu ciwon dajin hanji an haife su da ɗaya daga cikin gardawan nan a raunane. Ana kiransa ciwon Lynch, da sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya yi bayaninsa a 1966. Wanda ke da shi, kowane ɗa ko ɗiya tasa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Yakan zo da wuri, kafin shekara 50. Yaya, ka yi haƙuri da tambayar: akwai wanda ya yi irin wannan ciwon a gidanku?

Ɗan Birni: Baba ciwon ciki ne ajalinsa, bai kai 50 ba, ba a taɓa sanin ko mene ne ba. Aka ce sammu. Gwaggo kuma, ƙanwarsa, jini ne ya yi ta zuba mata bayan ta daina al'ada har ta rasu.

Mai Labo: Allah ya jiƙansu. Wannan ka faɗa wa lokotoro gobe, yadda ka faɗa mana. Ga mata, Lynch yana kawo ciwon dajin mahaifa. Ba na ce shi ne ba, gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa, na naman kuwa hanya kawai yake nunawa. Amma labarin gidanku ya fi duk abin da na'ura za ta hango a hoto nauyi.

Hajiyar Zango: Ni fa wannan magana ta gado tsoro take ba ni. Kun san garin nan. Yau a ce gidan su wane akwai ciwo a jini, gobe ƴanmatan gidan su rasa mai sallama. Kuma mu da muke auren zumunci, sai a ce mu muka jawo.

Ɗalibar Likita: Inna, auren zumunci ba shi ke kawo Lynch ba, daga mahaifi ɗaya ma ana gadonsa, ko da bare ya aura. Inda zumunci ya shigo shi ne in uwa da uba duka suna ɗauke da rauni iri ɗaya, yaro yana iya haɗa biyun, ciwon ya same shi tun yana ƙarami. Ba kasafai ba ne, amma dalili ne na a sani. Kuma wanda ya san yana da shi, ana leƙa hanjinsa da kyamara duk shekara ɗaya ko biyu tun yana ɗan 20 zuwa 25, in an ga tsiro a cire kafin ya zama ciwo.

Malam na Garin Malam: Hajiya tana da gaskiya a kan bakin mutane. Sakamakon sirrin mai shi ne, ba na dandali ba. Amma ɓoye wa ƴan uwa na jini abin da zai cece su, wannan ban ga hujjarsa ba. A faɗa musu cikin ɗaki. Mu ma da ke nan, abin da yaron nan ya faɗa amana ce, kar in ji shi a wani zaure.

Hajiyar Zango: Haka ne Malam. Ɗana, in za a gaya wa yayyenka mata ka kira ni, ni zan zauna da su. Ba maganar da namiji zai yi musu ba ce.

Ɗan Birni: Na gode Inna, zan kira ki. To na gane hoton ba zai fisshe mu ba a yanzu. Baba Mai Labo, in za a yi gwajin sai an sake yanka Yaya? Don wallahi ba zai yarda ba.

Mai Labo: Ba za a taɓa shi ba. Dunƙulen kakin nan yana nan a labon da ya ba da sakamako, yana shekaru bai lalace ba. Ka duba takardar, akwai lamba a samanta, ita ce lambar dunƙulen. Lokotoro ya rubuta takardar neman gwajin sinadarai huɗun, ka je da ita da lambar. Su za su gaya maka ko suna yi a wurinsu ko sai an kai Yamai ko Kano ko waje. Ka tambayi kuɗin tun kafin ka karɓa, kuma ka ce a dawo maka da dunƙulen bayan an gama, don ana iya sake buƙatarsa.

Injiniya daga Yamai: In Yamai ne ka sanar da ni motar da za ka shigo, in tare ka a tasha.

Mai Labo: Kuma ka riƙe shi a jakar hannunka cikin ambulan. Kar ka ba yaron mota ya jefa a but kusa da inji ko ya ɗaure a saman kar. Kaki ne, kafin zafi ya kai digiri 60 ya narke.

Ɗan Birni: Na ga lambar, tana nan a kusurwar dama. Da safe in sha Allah zan je wurin lokotoro.